Shirun Bayan Katangar Makaranta

Da sunan Allah da ya halicci murya, ya kuma halicci kunnen da zai gane ta.

Ban taɓa zaton zan sake zama ɗan makaranta ba bayan haƙora sun fara yi mini sallama ɗaya bayan ɗaya. Amma ga shi kullum da safe, in na idar da lazimi na sha koko, sai in rataya jakata in bi hanyar da ta ratsa tsakanin duwatsu, in shiga ƙofa ɗaya da yaran da na ci naman sunan iyayensu. Sakandare ce ta jeka-ka-dawo a gefen garinmu, tsakanin Dutse da Kiyawa. Shugabanta ne ya ga azuzuwa biyu a rufe babu kowa, ya ce dattawan gari su zo su koyi boko, maza ɗaya mata ɗaya, kuma da safe, tare da yara, ba da yamma bayan sun watse ba. Famfo ɗaya muke sha, sahu ɗaya muke tsayawa da azahar, kowane tsoho an haɗa shi da ɗalibin da zai riƙa gyara masa riƙon fensir. Ranar Alhamis kuma sai abin ya juya, a shimfiɗa tabarmi a gindin tsamiyar da ke tsakiyar fili, mu ne malamai, su ne masu saurare. Ni da na tsufa ina rubutu da ajami, sai ga ni ina fara layi daga dama, yaro yana kamo hannuna yana mai da shi hagu yana cewa, "Baba Malam, ka sake komawa gida."

Masu zuwa kallonmu daga cikin Dutse sukan ce wannan sabon abu ne. Ni kuwa sai in bar su a haka, don ba a yi wa baƙo gardama. A zauren da na yi karatu ina yaro, babu wanda ya taɓa raba tsoho da yaro. Ga mu 'yan ƙanana a bakin ƙofa muna rera karatu kamar tsuntsaye a kan rimi, ga mahauci mai furfura a lungu da allonsa yana fama da surar da muka wuce tun bara, kuma babu mai yi masa dariya. In ya kakare, wanda ke kusa da shi zai ɗora shi, ko da kuwa bai kai jikansa ba. In an tashi, shi zai koya mana yadda ake wasa wuƙa, da yadda ake gaida surukai, da abin da ake faɗa in an shiga maƙabarta. Malaminmu, Allah ya haskaka kabarinsa, yakan ce ilimi kamar wuta ne, ba ta tambayar shekarun itace. Har yau in na rufe ido ina jin ƙamshin tawada da ƙaro, da ƙarar alƙalamin gamba a kan allon da aka wanke aka shafa wa farar ƙasa, da tarin tsofaffi a ƙarƙashin muryoyinmu. Yanzu yaro na tashi da sa'o'insa kaɗai, ya girma bai taɓa zama ya ga yadda tsoho ke ɗaure wando ba, balle ya ji abin da ke cikin kansa.

Ba wannan ne ya sa na ɗauki alƙalami ba. Zancen abokina ne, wanda muka zauna benci ɗaya a ajin nan, yanzu kuma gefensa babu kowa.

Filin da makarantar take a kai, a da masheƙarin gidansu ne. Nan suke kafa bukkoki, nan shanunsu ke kwana, tsamiyar nan ita ce inuwar da mahaifiyarsa ke zama tana kaɗa nono. Ni ɗan manoma ne, shi ɗan makiyaya. Yana ce mini Kaɗo, ina ce masa Fillo, kuma da waɗannan sunaye muka tsufa. Kowace safiya akan aike ni da ƙwaryar gero in karɓo nono, ni kuwa in daɗe ban dawo ba, har a biyo ni da tsumagiya. Abin da ke riƙe ni shi ne lokacin tatsa. 'Yan maruƙa a jere, ɗaure a igiyar dangwali, suna kuka, iyayensu na amsawa, madara na faɗawa ƙwarya da wani sauti mai laushi da ke sauyawa in ta kusa cika, hayaƙin kashin shanu na tashi a hankali. A cikin wannan duka mahaifin abokina na bin maruƙan ɗaya bayan ɗaya, da kanwa a tafin hannu, yana wani kira ƙasa-ƙasa a kunnen kowane maraƙi yayin da yake lasa. Ba magana ba ce, ba kuma waƙa ba. Yana farawa daga ƙirji, ya hau sama ya yi siriri, ya karye sau biyu, sannan ya sauko kamar mai lallashi. Kowane gida da nasa. Na gidansu daga kakan kakansa ya zo, kuma ba a koya wa kowa sai ɗan da zai riƙe sanda.

Na ga abin da kiran nan yake iya yi da idona, a wata damina da ba zan manta ba. Shekarar da ta gabace ta ba a sami hatsi ba, mun ci tafasa har ta ishe mu, don haka geron da ke gonar babana shi ne ran gidanmu gaba ɗaya. Ya fitar da kai, ya fara ido, ana ta ƙirga kwanan kaka a zuci. Ran nan bayan la'asar hadari ya taso daga gabas, aradu ta faɗa kan wata giginya dab da garken. Shanun nan suka firgita, suka keta shinge, suka afka tsakiyar gonarmu. Mahaifin abokina ya tafi kasuwar Jahun bai dawo ba. Kafin ka ce kwabo mazan gari sun fito cikin ruwa, wannan da gora, wannan da gatari, na ga har da mai baka. Matan ruga na kururuwa, namu na kururuwa. Babana na gaba, fuskarsa ba irin wadda na sani ba. Da an sari saniya ɗaya a ranar, da ba a san inda jini zai tsaya ba.

Sai abokina, wanda bai fi ni tsawo ba a lokacin, ya haye kan suri, ya sa hannu a kunne, ya buɗe murya. Ruwa na dukansa, rigarsa ta manne da haƙarƙari. A can cikin gero wata tsohuwar saniya da suke kira Saye, uwar garken, ta ɗaga kai. Ta yi kuka sau ɗaya, ta juyo. Sauran suka biyo ta. Ba zan iya kwatanta maka yadda ƙasa ke yi in garke guda ya nufo murya ɗaya ba, sai dai in ce ta tafin ƙafa ake fara ji kafin kunne. Suka fito a jere ta inda suka shiga, suka kewaye surin nan suna huci, suna miƙa masa hanci. Babana ya daɗe a tsaye, sannan ya sauke gorarsa ya ce da mutane, "Ku koma gida. Dabbar da ke jin magana ba a dukanta. Allah ya sa mu ma mu zama masu ji haka." Abin da aka tattake ba shi da yawa. Da kaka mahaifin abokina ya kawo garken ya kwana a gonarmu har taki ya rufe ta, kuma ba a sake tada zancen ba.

Garken da abokina ya gada bai ƙare rana ɗaya ba. Burtali ya yi ta tsukewa, gona na cin gefe, gini na cin gefe. Ciwon huhu ya ɗebi nasa rabon wata shekara. Aka sayar da wasu don karatun yara, wasu don sauke farali, wasu don jinyar uwargidansa. 'Ya'yansa suka yi boko, babban ya zama ma'aikaci a Dutse, ƙaramin na can jami'a a Kafin Hausa, babu wanda ya riƙe sanda. Saniyar ƙarshe daga jinin Saye take. Ina wurin ranar da aka ɗora ta a mota. Ta yi ta waiwayensa, shi kuwa ya dubi ƙasa, ya cije leɓe. Tun daga ranar ban sake jin kiran nan a bakinsa ba. Ya koma gidan bulo da ɗansa ya gina masa, yana zama a ƙofa da sandarsa a kan cinya, yana kallon 'yan acaɓa.

Jikarsa ce ta kawo shi makarantar. 'Yar babban ɗansa ce, tana aji na kusa da ƙarshe, an dawo da ita wajen kakan don ta riƙa kula da shi. Sunan mahaifiyarsa aka sa mata, saboda haka bakinsa ba ya kama sunanta, Dada yake ce mata, wato uwa. Yarinya ce mai baki, Fillancinta bai wuce gaisuwa ba. Ita ke riƙe masa fensir a aji, kuma kullum sai sun yi.

"Tsoho, wannan ba harafi ba ne, ƙahon sa ka zana."

"To ke kin taɓa ganin sa in ba a tukunya ba? Bafillatanar kanti kawai, mai shan madarar gwangwani."

"Na ji. Sake rubutawa."

"Kaɗo, ka ga abin da na haifa? Uwata ta dawo duniya da bulala."

A watannin nan na ga abokina ya dawo da rai. Ya fara wanke malafarsa. Ranar Alhamis yakan koya wa yara tufkar igiya, da gane saniya mai ciki daga tafiyarta, da ciyawar da ke kumbura dabba. Yakan nuna musu inda turke yake a da, daidai inda suke buga ƙwallo, su yi ta mamaki. Yara suka saba da shi, Baffa a nan, Baffa a can.

Wata Alhamis da zance ya zo kaina, sai na ba su labarin gero da aradu. Na ba da shi yadda na iya, har na ga masu surutu a baya sun yi tsit. Ina rufe baki suka juya kansa gaba ɗaya. "Baffa, yi mana! Baffa, don Allah!" Malamin aikin gona ya fito da wayarsa ya ce a ɗauka a ajiye saboda na baya. Abokina ya yi murmushi ya ce maƙogwaronsa na ciwo. Mako na gaba ya ce ya manta. Na bayansa ya ce ba a yi a gaban Haɓe, aka yi dariya.

A hanyar gida na ce masa, "Fillo, rowa ce ta kama ka da tsufa? Me zai rage ka in ka yi wa yara?"

Ya tsaya ya dogara da sanda. Ya ce, "Kaɗo, kai malami ne amma wani lokaci kanka kamar na tinkiya. Kana tsammani kiran nan a bakina yake? A kunnen saniya yake. Tun tana dangwali take jin sa, da kanwa a harshenta, da hannunka a wuyanta. Uwarta ta ji, kakarta ta ji. Ni rabi kawai nake riƙe da shi." Sannan ya ƙara da murya ƙasa, "Shanunmu sun watsu a kasuwanni. Ina gaya wa kaina wataƙila jininsu na nan wani wuri, in na yi kira wata za ta ɗaga kai. Muddin ban yi ba, ina da garke. Ka bar ni da shi."

Na bar shi. Amma yarinyar ba ta ji wannan magana ba, kuma ba don wasa take nema ba. Ta gaya mini daga baya cewa tsoro take ji kada kakanta ya tafi da abin, ta rasa ko da ɗaya daga kayan gidansu.

Akwai ɗan siririn burtali da ya rage a bayan katangar makaranta. Ranar da abin ya faru muna gindin tsamiya sai muka ji wucewar shanu, ƙahoni na leƙowa ta saman katanga. Yarinyar ta miƙe, ta zo gabansa ta durƙusa. Ba ta ce Tsoho ba, ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Kullum a gida kana ce mini ba a kira sai da shanu a gaba. Ga shanu. Ba jikarka ke roƙo ba yau, mai sunan ce. Uwarka ce ta ce ka tashi ka kira."

Wanda ya san mutanen nan ya san ba a tsallake wannan. A gindin bishiyar da mahaifiyarsa ke zama, an kira shi da bakinta. Ya dube ni sau ɗaya, sannan ya ce, "To, Dada."

Muka fita ta ƙofa muka zagaya, tsofaffi a gaba, yara a baya, malami da wayarsa a sama. Garke ne madaidaici, farare, suna tafe suna tsinkar ciyawar gindin katanga. Mai korarsu saurayi ne, da igiyoyin waya toshe a kunnuwansa. Babu suri yanzu a wurin, sai tarin bulo da aka bari. Na riƙe masa hannu ya hau. Ya cire malafa ya ba ni. Ya sa hannu a kunne.

Na yi zaton muryar ta tsufa. Wallahi ba ta tsufa ba. Ta fito daga ƙirjin nan da ya rame, ta hau, ta yi siriri, ta karye sau biyu, ta sauko tana lallashi, ta bugi duwatsu ta dawo. Ya yi na biyu. Ya yi na uku, ya ja shi har numfashinsa ya ƙare.

Ko ɗaya ba ta ɗaga kai ba. Wata ta kaɗa jela ta kori ƙuda. Suka ci gaba da tsinkar ciyawa, suka wuce mu kamar an buga ƙararrawar makaranta. Aka yi shiru na ɗan lokaci, shirun da ni da shi kaɗai muka san abin da ya kamata ya cika shi. Sai yara suka ɓarke da tafi. Da zuciya ɗaya suka yi, har da masu fito, wasu na cewa, "Baffa, ƙara! Baffa ya iya!" Malami na ta jinjina masa. Saurayin nan ya zare igiya ɗaya daga kunne, ya dube mu, ya mayar.

Na sauko da shi. Ya karɓi malafarsa, ya yi wa yaran murmushi, ya ce Allah ya yi musu albarka. Da muka ɗan ware ya ce mini, "Ka ji, Kaɗo? Da kofato ake amsa mini, yau da tafi."

Bai zo aji washegari ba. Ya ce ƙafa. Bayan nan ya ce sanyi. Nakan biya masa in na taso, in same shi a ƙofa, amma sandar ba ta kan cinyarsa, ya jingine ta a bayan ƙyaure. Bai yi fushi da kowa ba. Yana tsokanar jikarsa kamar da, yana zuwa masallaci, yana cin abin da aka ba shi. Sai dai wani abu ya sauka daga idonsa, irin yadda ruwa ke sauka a rijiya ba ka ga ranar da ya tafi ba. Ban ce wannan ne ya kashe shi ba, astagfirullah, kowa da kwanansa. Kafin gero ya nuna Allah ya karɓi abinsa, da hantsi, bayan gajeriyar jinya. Yaran makaranta ne suka yi ta karɓa-karɓa da makararsa har maƙabarta. Da yawansu ranar suka fara ɗaukar gawa, kuma addu'ar shiga da muka koya musu a gindin tsamiya ita suka karanta. Wannan kam na gode wa Allah da na gani.

Bayan an share makoki yarinyar ta yi sallama a zaurena. Ta rame. Ta zauna a bakin tabarma ta daɗe tana murza gefen hijabinta, sannan ta ce, "Baba Malam, ni na jawo, ko?"

Na ce, "Ke kin roƙi kakanki gadonki ne, 'yata. Ba ke kika cinye burtali ba."

Ta ce, "Mun yi masa tafi. Mun zaci daɗi zai ji."

"Abin da kuke da shi kuka ba shi."

Ta fito da waya daga jaka, ta ce malaminsu ya tura wa babanta kiran da ya ɗauka ran nan, ita kuma ta kasa saurara ita kaɗai. Na ce ta kunna, amma in kiran ya ƙare ta kashe kafin tafin. Ta danna.

Muryarsa ta cika zauren. Ta hau, ta karye sau biyu, ta sauko. Na ji ƙamshin hayaƙin masheƙari, na ji ruwa na dukan ganyen gero, na ji ƙasa na motsi a tafin ƙafata. Ta kashe a daidai inda na ce. Sai na ji tana cewa, "Baba Malam, ina za ka?"

Na duba. Ashe ina tsaye. Ni da sai an kama ni nake tashi daga tabarma, na miƙe ban sani ba, na bar carbina a ƙasa, har na yi taku biyu wajen muryar. Tun ina kai gero ruga nake jin kiran nan, da ƙwarya a hannuna, a tsakanin 'yan maruƙa. A ranar da ya hau bulo ina gefensa riƙe da malafarsa, shi ya sa bai ga kowa ya taho ba.

Allah ya jiƙan Fillo, ya sa ya huta. Ya tafi yana zaton garkensa ya ƙare, alhali akwai saura ɗaya.